Ƙofar Ɗakin Kokus

Mai Walda ne ya ƙera ƙofar da hannunsa, shi ya sa duk ranar da za a zauna kokus ba a neman kowa ya tsare ta sai shi. Ƙofa ce ta ƙarfe mai kauri, ba gilashi, ba huda ko ta shigar sauro, kuma sakatarta a waje take. Ɗakin da take rufewa tsohon sito ne a bayan ofishin jam'iyya, a ƙarshen wani siririn lungu da mutum biyu ba sa iya jerawa a cikinsa. Taga babu, sai 'yan ramukan iska can sama kusa da rufi, da wata fanka da ta fi ƙwarewa a kuka a kan fifita.

In sabon shiga ya tambaye shi mene ne kokus ɗin nan da ake ta faɗa, sai ya gyara tsayuwa kamar shi ya kafa jam'iyyar.

"Taron da kuke gani a fili, da rumfa da lasifika da tafi, wannan karanta sakamako ne kawai," in ji shi. "Kokus shi ne inda masu ruwa da tsaki suke shiga ɗaki su kaɗai, su zagi juna, su tona wa juna asiri, har bakinsu ya zo ɗaya a kan wanda za a tsayar takara. In sun fito, da wanda ya ci da wanda ya sha ƙasa, magana ɗaya za su faɗa. Abin da aka yi a ciki kuwa, ko matarka ba ta ji."

Dokokin ba su da yawa, kuma ya haddace su fiye da sunayen 'ya'yansa. Kowa zai jefa wayarsa a bokiti kafin ya shiga. Ba a ƙirga hannu. Ciyaman zai ambaci suna ya ce, "Akwai mai ja?" In mutum ɗaya tak ya ce "Ni," sai a koma gardama. In aka yi shiru, sai ya bugi ƙofa da sandarsa sau uku, Mai Walda ya zare sakata. Idan rana ta faɗi baki bai zo ɗaya ba, magana ta fita daga hannun kokus, sai a tafi zaɓen fidda gwani, duk mai katin jam'iyya ya jefa ƙuri'a. Amma idan aka buɗe ƙofa kafin bugun sanda, ko da gobara ce ta sa, to kokus ya karye, Ciyaman shi kaɗai zai zaɓi wanda ya ga dama. Wanda ya ƙirƙiro wannan doka ta ƙarshe, ba sai an yi bincike ba, Ciyaman ne a zamaninsa.

Wannan dokar ce ta taɓa shiga tsakanin Mai Walda da yayarsa. Ita ce Shugabar Mata, mai sayar da yadi a kasuwa, kuma mace ɗaya tilo a cikin kokus. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta kai shi koyon walda, ita ta nema masa aure. Har gemunsa ya fara furfura ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Auta, kuma duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka.

A kokus ɗin da ya wuce, yana tsaye a bakin ƙofa ya ji ta ƙwalla ƙara, kujera ta faɗi. Bai yi wata-wata ba ya zare sakata ya faɗa ciki. Me zai gani? Yaya ce riƙe da takalminta tana bin ma'ajin jam'iyya suna zagaye tebur, shi ne mai neman ceto, ba ita ba. Kokus ya karye. Ciyaman ya tsayar da nasa, nasa ya ci zaɓe, ya ba wani Ɗan Kwangila aikin rushe rumfunan kasuwa. Ɗan Kwangila ya zo da katafila da 'yan daba, aka yi wa mata dukan kawo wuƙa a kan kayansu, wata mai tumatir ta rasa ido. Yaya ta yi watanni ba ta amsa gaisuwar ƙanenta, abin da ya fi masa ciwo fiye da da ta kwaɗa masa mari.

Yanzu kuma Ɗan Kwangilar ne da kansa yake son kujerar majalisa, ga shi ya zama mataimakin Ciyaman, yana cikin masu shiga ɗaki.

Da safiyar ranar da za a zauna wannan kokus, Mai Walda yana durƙushe yana ɗiga wa sakata mai, sai ga Yaya ta shigo lungun da ledar burodi a hannu.

"Auta, ka karya kuwa? Ungo. Tsaya ka ji ni da kyau. Duk sun bi Ɗan Kwangila. Daga ni sai Hedimasta, shi ma tsohon nan ƙafarsa ɗaya a waje take. Aikina ɗaya yau, in yi ta cewa 'ni' har rana ta faɗi. In aka je zaɓe, matan kasuwa kaɗai sun ishe shi riga da wando. Kai ma aikinka ɗaya, kada ka taɓa sakatar nan."

"Na ji, Yaya."

"Ba ka ji ba. Wancan karon ma cewa ka yi ka ji. Za su yi ihu, zan yi ihu. Za su jefo kujera, zan rama. Ko sunanka ka ji ina kira, ko salati ka ji ina yi, kada ka buɗe sai ka ji sandar Ciyaman. Rantse mini."

"Haba Yaya, sai ka ce wani yaro."

"Ni na wanke maka kashi, a wurina yaro ne kai har gobe. Rantse."

"Wallahi ba zan buɗe ba."

Ta ja masa kunne, ta gyara masa wuyan riga, ta wuce tana dariya. Shi kuwa daɗi ya cika shi, don rabon da ta ja masa kunne tun kafin rushe kasuwa.

Hantsi na ɗagawa suka fara zuwa. Ciyaman da sandarsa mai kan tagulla. Ɗan Kwangila da turaren da ya cika lungu. Ma'aji, wanda har yau yake ratse wa Yaya hanya. Shugaban Matasa, wani ƙato da jikokinsa suka fara tafiya amma bai ga dalilin sauka daga kujerar matasa ba. Tsohon Hedimasta da tabarau ɗaure da zare. Da wasu 'yan bi-yarima da ba a jin muryarsu sai in an zo cewa "haka ne." Kowa ya jefa waya a bokiti. Yaya ce ta shiga ƙarshe, ba ta ko dube shi ba, don a wurin aiki ba ta da ƙane. Ya ja ƙofa, ya tura sakata, ya jingina bututun ƙarfensa a bango, ya ba ƙofar baya.

Da farko ba a jin komai sai kukan fanka da gunaguni. Can sai muryar Ciyaman ta taso, "Akwai mai ja?" Muryar Yaya ta biyo ta tar, "Ni!" Mai Walda ya yi murmushi ya gutsiri burodi.

Rana ta take tsaka lokacin da Gatari ya iso da mutanensa. Gatari shi ne shugaban 'yan daban Ɗan Kwangila, shi ya jagoranci dukan matan kasuwa. Ya tsaya a bakin lungu da adda a hannu, idanunsa jajur.

"Mai Walda, matsa. An ce ruwa ya ƙare musu, za mu miƙa."

"Wanda ya ji ƙishirwa ya haɗiyi yawu. Ba a buɗewa."

"Kai, ƙofar ubanka ce?"

"Ta fi ta ubana, ni na haife ta. Zo ka taɓa ka gani."

Gatari ya zo kuwa. Ya kawo sara ta sama, Mai Walda ya tare da bututu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe har tartsatsi ya tashi. Kafin ya sake ɗaga addar, bututun ya sauka a gwiwarsa. Ƙarar da ƙashin ya yi, har na bayansa sai da suka ja baya. Gatari ya zube yana zagin uwar kowa. Na biyu ya tsallake shi da gora mai ƙusoshi, ya sami Mai Walda a kafaɗa, riga ta yage, nama ya buɗe. Mai Walda ya cafki wuyansa ya buga kansa da bango, ya sake bugawa, har ya ji jikin ya saki a hannunsa. Lungun ne ya cece shi, don komai yawansu sai dai su zo ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai ya taka ɗan'uwansa kafin ya iso. Da suka ga haka sai suka koma jifa. Kwalba ta fashe a ƙofa kusa da kunnensa, rabin bulo ya same shi a baki, ya tofar da haƙori tare da jini. Bai gusa ba ko taku ɗaya. Na ƙarshen da ya yi ta maza ya shigo da wuƙa, da yatsu biyu a karye ya fita yana ihu kamar ɗan akuya.

Suka ja Gatari a ƙasa zuwa tsallaken titi, suka zauna a inuwar wani shago suna ɗaure raunuka. Mai Walda ya yage hannun rigarsa ya ɗaure kafaɗa. Jikinsa duk ciwo, amma zuciyarsa fes. Yau dai Yaya za ta san ta yi ƙane. Yana cikin goge baki ya sake jin "Akwai mai ja?" ya sake jin "Ni!" Muryar ta ɗan dushe, amma tana nan.

Zuwa la'asar titi ya cika. Labarin faɗan ya kai kasuwa, mata sun rufe rumfuna sun zo, 'yan dako sun biyo su. A cikinsu har da babban ɗan Yaya, direban motar kaya, magidanci mai 'ya'ya biyu. Suka taru a gindin bangon ɗakin ta waje, daidai ƙarƙashin ramukan iska, suna kallon rana suna ƙirga saura nawa ta faɗi.

A lokacin ne hayaniyar ciki ta canza. Mai Walda ya san hayaniyar kokus sarai, ya san zagi, ya san buga tebur, ya san jifa da kujera. Ya ji Shugaban Matasa yana cewa, "Wai ke wace ce? Mace ɗaya ta riƙe maza tun safe?" Ya ji Yaya tana mayar masa. Ya ji Hedimasta yana cewa, "A'a, a'a, ku bari, ku ji tsoron Allah." Sai wani abu mai nauyi ya faɗi, fanka ta ci gaba da kukanta.

"Auta!"

Hannunsa ya kai kan sakata kafin ya sani. Sai ya tuna da takalmi a hannunta, da ma'aji yana zagaye tebur, da idon mai tumatir. Ya janye hannun ya cusa a hammata.

"Auta, buɗe!"

Wannan karon kusa take, a jikin ƙofar. Ya ji ana buga ta. Ƙofarsa ce, ya san muryarta: sanda ƙara mai kaifi take bayarwa, wannan kuwa tafin hannu ne, dum, dum, kuma daga ƙasa yake fitowa, wajen gwiwa. Ya ce a ransa dabara ce. Wataƙila sun matsa mata ne don ta kira shi ya buɗe, Ciyaman ya samu abin da yake so. Ai ta faɗa masa da bakinta. Ai ya rantse. Saura kaɗan rana ta faɗi. Ya runtse ido, gumi na gangaro masa cikin raunin kafaɗa, yana maimaita rantsuwarsa kamar mai bitar karatu.

Mutanen da ke ƙarƙashin ramukan iska sun ji fiye da abin da ya ji. Ihu ya tashi a titi, sai ga Direba ya shigo lungu a guje, 'yan dako na biye da shi.

"Kawu, buɗe! Dukanta suke yi!"

"Koma. Ita ta ce kada a buɗe."

"Kawu, na ji da kunnena! Kujera suke sauke mata! Ka buɗe, don Allah!"

"In na buɗe ta faɗi, ka gane? Duk wahalar da ta sha tun safe ta tashi a banza. Kai ba ka san kokus ba, haka ake yi. Wancan karon ma haka ta yi ihu."

"Uwata ce a ciki!"

"Kafin ta zama uwarka yayata ce. Koma, na ce!"

Direba bai koma ba. Ya kai hannu kan sakata, Mai Walda ya ture shi. Ya sake dawowa da ƙarfinsa duka, suka sarƙe, suka bugi bango, bokitin wayoyi ya kife. Direba ya kai masa naushi a kan raunin kafaɗa, zafi ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa, idonsa ya rufe. Bai san lokacin da ya ɗauki bututun ba. Ya dai ji saukarsa, ya ga ɗan yayarsa a ƙasa riƙe da goshi, jini na bin yatsunsa yana shiga ido. Wani ɗan dako ya yi kukan kura ya shigo, shi ma ya samu nasa a haƙarƙari. Sauran suka tsaya cirko-cirko, don ba su zo da shirin faɗa da ƙanen Shugabar Mata ba. Can tsallaken titi, mutanen Gatari suna ta ƙyaƙyata dariya, har da mai tafi.

"Duk wanda ya sake matsowa, wallahi sai na kwantar da shi," in ji Mai Walda.

"Auta."

Na ukun a hankali ya fito, kamar yadda take kiransa in ta zo tashinsa daga barci yana ƙarami. Daga nan bugun tafin hannu ya tsaya. Aka yi ta jan kujeru a ciki. Sai muryar Ciyaman, a natse kamar mai sanar da ɗaurin aure:

"Akwai mai ja?"

Mai Walda ya manna kunne a ƙarfe yana jiran "ni." Ya ji fanka. Ya ji wani yana tari. Bai ji komai ba bayan wannan. Sanda ta bugi ƙofa sau uku, da sauran rana a kan rufin gidaje.

Ya zare sakata. Ƙofar ta buɗe, zafi da warin gumi suka bugo shi. Ciyaman na tsaye a gaba yana gyara hula.

"Baki ya zo ɗaya," in ji shi. "Tattaro mana wayoyinmu."

Mai Walda bai dube shi ba. Yaya na kwance a gefen bango inda aka janye ta, ɗankwalinta a can ƙarƙashin tebur, gefen kanta ya lotsa, jini ya jiƙa wuyan rigarta. Kusa da ita ƙafar kujera ce a karye. Numfashi take ja da ƙyar, yana fita da wani irin gurnani. A jikin ƙofar ta ciki, daidai gwiwa, ga shatin tafin hannu nan ja, ɗaya a kan ɗaya.

"Wa ya taɓa ta?"

"Jiri ne ya ɗebe ta, ta faɗi a kan kujera," in ji Ciyaman.

Mai Walda ya juya ga ma'aji. "Jiri ne ya ɗebe ta, ta faɗi a kan kujera." Shugaban Matasa, da jini a bakin hannun rigarsa, shi ma haka ya ce, bai canza ko kalma ɗaya ba. Mai Walda ya tsallake su ya tsaya a gaban Hedimasta, wanda ke zaune a ƙasa, tabarau a fashe, leɓe a kumbure.

"Malam, kai ka koya mini karatu. Wa ya taɓa ta?"

Tsohon ya kalli siminti. "Jiri ne," in ji shi, "ta faɗi."

Mai Walda ya durƙusa ya ɗauke ta. Matar da ta goye shi shekara da shekaru, ashe ba ta da wani nauyi. Ya fito da ita lungu, ya miƙa wa Direba, wanda ya miƙe yana tangaɗi da fuska jina-jina. Direba ya karɓi uwarsa, ko kallonsa bai yi ba. 'Yan dako suka buɗa hanya, mata suka sa salati da kururuwa, aka yi wajen motar kaya da ita.

'Yan kokus ba su fito ba tukuna, don a al'adarsu ba mai wuce Ciyaman, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran titi ya lafa. Mai Walda ya dawo, ya sa tafin hannu a ƙirjinsa ya hankaɗa shi ciki har ya faɗa kan Ɗan Kwangila. Ya ja ƙofa, ya tura sakata.

"Kokus bai tashi ba!" ya faɗa da ƙarfi, bakinsa a jikin ƙarfe. "Sunan wanda ya dake ta nake so. Ku zauna, bakinku ya zo ɗaya. In kwana za ku yi, ku kwana. In mutuwa za ku yi, ku mutu a ciki."

Aka fara dukan ƙofa da ƙafa, da kujera, da zagi. Ko gezau ba ta yi ba, ai shi ya san irin ƙarfen da ya zuba mata. Mutanen Gatari suka miƙe daga tsallaken titi, amma wannan karon 'yan dako sun cika bakin lungu da sandunan amalanke, mata sun tara duwatsu a zannuwansu. Ɗaya daga cikin 'yan daban ya matso, dutse ya fasa masa hanci, sauran suka koma inuwarsu. A ciki kuma zagin ya juya, suka koma kan junansu. Ya ji Ɗan Kwangila yana cewa shi bai sa kowa ba. Ya ji Shugaban Matasa yana rantsuwa in aka ambaci sunansa sai ya tona kowa. Ya ji mari, ya ji kujera, ya ji wani yana kuka. A hankali hayaniyar ta sauka ta koma gunaguni, irin gunagunin da ya saba ji duk lokacin da magana ta kusa ƙarewa.

Rana ta faɗi yana zaune a ƙasa, bayansa a jikin ƙofa. Da a ce tana ciki tana cewa "ni," da yanzu ta yi nasara. Wayoyin da suka warwatse a lungu suna ta ƙara, wannan ta yi shiru wannan ta ɗauka. Sai ya ji tasa a aljihu. Direba ne.

"Kawu," in ji shi, kuma muryar ba ta da fushi ko kaɗan, abin da ya fi tsorata Mai Walda ke nan. "Ba mu kai ba. A hanya ta cika. Likita ya ce da an kawo ta da wuri."

Bai ƙarasa ba, layin ya yanke. Mai Walda ya riƙe wayar a kunne yana sauraron babu. Ledar burodin da ta kawo masa tana nan a gindin bango, an tattake ta.

Sanda ta bugi ƙofa sau uku.

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki bututunsa. "Suna," in ji shi. "Ba na buɗewa sai na ji suna."

"Mun tattauna," in ji Ciyaman daga ciki, muryarsa ta dawo daidai. "Baki ya zo ɗaya. Shugabar Mata ta faɗi, ta ji ciwo. Ta rarrafa ta zo bakin ƙofa, ta yi ta bugawa tana kiran ƙanenta. Sau uku ta kira ka, duk mun ji. Sakata a waje take, ba a hannunmu ba. Har ɗanta ya zo ya roƙe ka, ka fasa masa kai a gaban jama'a. Abin da za mu gaya wa hukuma ke nan, kuma mutanen titi ma shaida ne." Sai ya ɗaga murya yadda ya saba. "Akwai mai ja?"

Mai Walda ya manna goshinsa a ƙarfe. Ya jira Hedimasta. Ya jira ko ɗaya daga cikin 'yan "haka ne" ɗin nan zai yi kuskuren zama mutum yau. Fanka ce kawai ke kuka. Ya buɗe bakinsa da ya fashe, yana so shi ya ce "ni," ya nemi inda ƙarya take a cikin maganar don ya kama ta. Ya sami ƙarya a farkonta. Sauran kuwa, ya juya shi ta kowane gefe, bai sami abin ja ba.

A bakin lungu jiniyar motar 'yan sanda ta tsaya, mata suna darewa. Bututun ya suɓuce daga hannunsa ya yi ƙara a siminti. Ya dubi sakatar da ya ɗiga wa mai da safe, lokacin da Yaya ke tsaye a kansa tana masa faɗa. Ya sa yatsa ɗaya ya tura ta, ta zare sumul, ko ƙara ba ta yi ba.